Me ya sa URhGe ke komawa sufakwandakta a tesla 12?

Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa bayanin da zan gabatar wa ɗaliban fiziks a nan Samaru, Zariya, amma wani wuri ya cije, ina neman a kama mini.

Ga inda na tsaya. A ErRh4B4 (haɗin erbium, rhodium da boron) abin a fili yake: turjiyar lantarki tana ɓacewa a kelbin 8.7 (kelbin ma'aunin zafi ne), wato ya zama sufakwandakta, da maganadisun ciki ya kafu ƙasa da kelbin 1 sai ta dawo. Yanayin biyu ba sa ga maciji. Amma URhGe (haɗin uranium, rhodium da germanium), da aka gano halinsa a 2001, yana zama maganadisu a kelbin 9.5, ya zama sufakwandakta a wajen 0.25, su zauna tare. Na yarda ilektron biyun da ke haɗuwa juyinsu na fuskantar gefe ɗaya, shi ya sa iyakar Pauli (ƙarfin filin maganadisu, a ma'aunin tesla, da ke raba ilektron biyu masu juyi mabambanta), wato 1.84 sau Tc (zafin da ake zama sufakwandakta), kusan tesla 0.46 a nan, ba ta karya su.

Matsalar ita ce filin maganadisun da aka sa ta layin b na kiristal ɗin. Wajen tesla 2 yana kashe yanayin sufakwandakta, sai ga shi ya dawo kusa da tesla 12, daidai inda maganadisun ke karkata daga layin c zuwa b, har Tc ta haura zuwa kusan 0.4. Iyakar kewayen ilektron (ƙarfin filin da ke raba haɗin ta hanyar lanƙwasa tafiyarsu) fa? Tana tafiya da murabba'in (nauyin ilektron sau Tc), amma ƙarin nauyin da nake sawa bai kai ni 12 ba, ko kusa.

Shin girgizar maganadisun ce kaɗai ke ƙara ƙarfin haɗin, ko fuskar Fermi (iyakar da ke raba matakan da ilektron suka cika da waɗanda ba su cika ba) ma tana sauya siffa a wurin? Wanda ya taɓa bin lissafin, don Allah ya nuna mini inda na zame.