Neman kalma: me za mu kira fawuntin fen da Hausa? Gobe shirin zai fita

Mai Shiri: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah a taimaka min, ina da shiri a rediyo gobe ƙarfe 4 na yamma kuma kai tsaye ne, baƙona wani dattijo ne a cikin gari da yake tara tsofaffin alƙaluman Turawa masu tsada yana gyara su, irin wanda ake zuba wa tawada ɗin nan, fawuntin fen. Ya buɗe min wata tsohuwar fantimoti wallahi sun fi talatin a ciki, Parker da Sheaffer da Pelikan har da Montblanc guda ɗaya. Matsalata sunan abin. In na ce biro na yi ƙarya, in na ce alƙalami kawai mai sauraro zai ɗauka na kara ne irin na makarantar allo. Sai kuma ƙarfen bakin da suke ce wa nib, da kalmar bintej da suke kiran tsofaffin kaya masu daraja da ita. Kafin azahar ɗin gobe zan miƙa rubutun.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Alƙalamin ruwa mana, mu haka muka ji ana faɗa a gidanmu.

Ɗan Kurmi: Hajiya shi ma biro ai ruwa gare shi, ba cewa muke ruwan biro ya ƙare ba? Ni dai alƙalamin tawada na gani, Larabawa ma ƙalamu hibr suke cewa.

Maman Ilham: To na karan da kuke sayarwa a Kurmi da miya ake rubutu da shi?

Jikan Akawu: Hhhh Hajiya ta gama da kai. Ni ina da guda huɗu, na farkon Parker 51 ne na kakana da ya yi akawu a En'e, samfurin da ya fara fitowa 1941. Ku duba bambancin da kyau, na kara tsoma shi ake a kurtu bayan kowane 'yan kalmomi, biro in ya ƙare a yar, shi wannan tawadarsa tana cikinsa kuma in ta ƙare a sake cika shi, shekara saba'in yana hannu. Don haka sunan ya fito daga cikawar. Alƙalamin ɗuri.

Ɗan Nahawu: Duk kun tsaya dogon suna. Hausa tana da hanyar ƙirar kalma, mai yawan mantuwa mantau, mai jimiri jimrau. Abin nan zuƙar tawada yake daga kwalba. Sunansa ZUƘAU. Kalma ɗaya, gaɓa biyu, babu aro.

Ɗan Kurmi: Malam in aka ce a rediyo wani dattijo ya tara zuƙau talatin a fantimoti, kafin a gama shirin 'yan Hisba sun iso ƙofar gidansa.

Ɗan Nahawu: Abin da yake kashe harshen nan kenan, a kawo magana ta ilimi ku mai da ita raha. Haka aka yi da na'ura mai ƙwaƙwalwa kuka gudu kuka koma kwamfuta, aka ce yanar gizo kuka ce intanet ya fi daɗin baki. Bature ya ƙirƙiri kalma ku haddace ta da rawar jiki, naku ya ƙirƙira ku yi dariya.

Ɗan Maraɗi: Malam a yi haƙuri amma shi alƙalamin da kake karewa ai na Larabawa ne, tawada ma haka, takarda ma ba a Dala aka haife ta ba. Biro kuwa sunan mutum ne ɗan ƙasar Hangare da ya ƙera shi. Mu nan bik muke cewa saboda kamfanin Faransa, kuma ba wanda Hausarsa ta zube.

Ɗan Nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Kuma ba daga wanda yake ce wa makaranta lakwal zan koyi tsarkin Hausa ba.

Ɗan Maraɗi: Ku da kuke cewa fensir da bulakbod? Mu bar tone-tone Malam, kowa ya san inda aka fi jin Hausa tsantsa.

Mai Shiri: Jama'a dan girman Allah, Kano da Maraɗi duk gida ne, ni agogo nake kallo.

Jikan Akawu: Malam bari na ba ka amsa ta aiki ba ta raha ba. Ba kowanne ne yake zuƙa ba. Na farko-farko, irin na zamanin da Waterman ya yi rajistar nasa a Amurka a 1884, kwance shi ake a ɗiga masa tawada da ɗan abin ɗiga magani, ɗuri na sosai kamar na jariri. Daga baya Sheaffer ya kawo mai ɗan maɗaurin ƙarfe a gefe da ake ɗagawa ya matse robar ciki, in ka saki ta ja tawada. Pelikan na Jamus a 1929 suka fito da mai fistan, ka murɗa gindinsa ya ja kamar sirinji. Na yanzu da yawa kuma 'yar robar tawada ake saya a cusa, ba zuƙa ba komai. Zuƙau ya kama wasu ya bar wasu, ɗuri ya kwashe su duka.

Ɗan Nahawu: Cusa roba ba ɗuri ba ne.

Jikan Akawu: Ya fi kusa da ɗuri a kan zuƙa dai.

Maman Ilham: Ku wuce gun nib ɗin, yaron nan zai makara. Ni baki na sani, bakin alƙalami.

Ɗan Kurmi: Nan kam babu gardama, mu masu fiƙe na kara baki muke cewa, kuma tsagar da ake yi masa a tsakiya tsaga ce, ita ke riƙe tawada ta sauko da ita. Na Bature ma da na gani tsagar nan ce dai, ƙarfe kawai ya yi.

Jikan Akawu: Haka ne, dabara ɗaya ce. Sai dai a ƙara da bakin zinare in na zinare ne. In ka ga an rubuta 585 a jiki to karat 14 ne, 750 kuma karat 18. Kuma zinaren ba shi yake taɓa takarda ba don yana da laushi zai cinye, akwai ɗan ƙwayar ƙarfe mai tauri da ake liƙawa a ƙarshe, wannan nake kira tsini. Mai Shiri ka duba Montblanc ɗin Baba wataƙila ka ga 4810 a bakin, mutane suna ɗauka lambar kaya ce alhali tsayin dutsen Mont Blanc na Turai ne a mita yadda aka auna shi a da, farin tauraron kan murfin kuma ƙanƙarar kan dutsen ce, duk da kamfanin a Hambug yake a Jamus. Ka faɗi wannan a shirin za a ji daɗi.

Mai Shiri: Na kira Baba yanzu na karanta masa duk abin da kuka rubuta, ya yi ta dariya. Ya ce shi tun yana yaro fen yake cewa, amma ɗuri bai yi masa laifi ba. Robar ciki kuma ya ce salka yake kiranta, don in ta tsufa bushewa take ta farfashe kamar salkar da aka manta a rana, sai ya kankare ta ya sa sabuwa ya liƙe da wani irin danƙo da ake kira shalak ya barbaɗa mata hoda ta shige. Baƙin abin da ke ƙarƙashin baki mai 'yan tsage-tsage, wanda tawada ke bi ta sauko iska ta hau, shi maƙogwaro yake ce masa.

Maman Ilham: Salka! Kai tsofaffi dai. Wannan ta fi duk abin da muka faɗa.

Ɗan Nahawu: Salka na yarda, Hausa ce tsantsa. Maƙogwaro ma ba laifi.

Ɗan Kurmi: Tambaya, in na ba shi tawadarmu ta allo zai sha?

Jikan Akawu: Kar ka soma! Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, ƙaron zai daskare a maƙogwaron ya toshe shi, wani sai an wargaza shi gaba ɗaya kafin ya dawo. Tasa daban ce mai ruwa-ruwa irin su Quink. Kuma a wanke da ruwan sanyi kawai banda na zafi, kar a bar shi a rana ko a cikin mota, tsofaffin da aka yi da baƙar roba mai tauri rana tana mai da su ruwan ƙasa kuma da ƙyar launin ke dawowa. Ni da hannuna na lalata ɗaya, na jiƙa shi ya kwana wai ina wanki, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin hunturu kuma in ka bar shi babu murfi minti kaɗan bakin ya bushe.

Mai Shiri: Saura bintej.

Ɗan Kurmi: Gwanjo.

Jikan Akawu: Allah ya kiyaye. Gwanjo don araha ake sayensa, wannan tsufan ne ya ƙara masa kuɗi. Haka gyara ma bai cika min ba, mai faci ma gyara yake, mu so muke ya koma yadda ya fito daga kamfani da kayansa na asali. Raya shi ake.

Maman Ilham: Tsohuwar zuma kenan, da ita ake magani. Ko ka ce tsohon hannu.

Ɗan Maraɗi: Tsohon hannu ai mutum ne da ya daɗe a sana'a, Baban ne tsohon hannu ba alƙalamin ba.

Ɗan Nahawu: Daɗau.

Ɗan Kurmi: Malam ya dawo da au ɗinsa.

Mai Shiri: To na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan rubuta, alƙalamin ɗuri, sau ɗaya a farko zan ce wanda aka fi sani da fen, sai baki da tsini da salka da maƙogwaro, aikin Baba kuma raya tsofaffin alƙaluma. Bintej na bar shi, zan ce na da masu daraja kawai, in zancen ya kawo na jefa tsohuwar zumar Hajiya.

Ɗan Nahawu: Shirinka ne. Amma ɗuri aikin mai shi ne ba na alƙalamin ba, ban sauka daga kan wannan ba. In kun buɗe layin waya zan kira kuma zuƙau zan ce.

Jikan Akawu: Mai Shiri in kun haɗu gobe ka tambayar min Baba inda yake samo salka, Sheaffer ɗina shekara biyu kenan yana kwance babu ita.