Takardar N1 da rigimar "'yan hadda" a zauren Hausawan Japan

Ɗan Saitama: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau sai na amayar da abin da ke cina ko da wani zai ji haushi. Na je intabiyu wani kamfani, muka yi ta hira da manajan da Japananci har yana tambayata a ina na koya, ƙarshe aka ce sai mai N2 zuwa sama a JLPT, jarrabawar nan ta iya Japananci da N1 ne matakinta mafi girma, ni kuwa N3 gare ni. Wanda suka ɗauka na san shi sarai, tare muke baito, wato aikin wucin gadi, a konbini, irin ƙananan shagunan nan na unguwa, N1 gare shi amma kwastoma na tambayarsa abu sai ya waigo yana kallona in cece shi. Jarrabawar da babu magana a ciki, babu rubutu, sai dai ka duhunta ƙwayar amsa da fensir, ta yaya za ta nuna mutum ya iya yare? JLPT takardar 'yan hadda ce kawai wallahi.

Malam na Tsukuba: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri ƙanina. Amma kalmar nan ta 'yan hadda ban ji daɗinta ba, ka faɗe ta kamar zagi. Mu da muka taso a tsangaya da hadda aka gina mu, kuma ita ce ta riƙe ni da na zo nan na tarar da kanji, haruffan nan da Japananci ya aro daga Chaina. Ka janye.

Ɗan Saitama: Malam ni ban taɓo tsangaya ba fa, maganar kamfani nake.

Malam na Tsukuba: To me ya sa ba ka ce masu ƙoƙari ba? Kanji 2,136 ne a jerin da gwamnatinsu ta tsayar na amfanin yau da kullum, yaransu ma 1,026 suke ɗauka a shekara shida na firamare, kana ganin da hira a bakin kantar shago za su shiga kai? Sai an zauna an maimaita kamar yadda ake wanke allo a sake rubutawa.

Maman Hanifa: Ni abin da ya ban mamaki wai a ce hadda kawai. Wanda ya faɗi haka bai zauna N2 ba. Minti 105 ake ba ka na nahawu da kalmomi da karatu duk a haɗe, dogayen rubutu ne da ba ka taɓa gani ba, in ka tsaya tauna ɗaya lokaci ya tafi. Sannan a kunna sauraro sau ɗaya tak, ba maimaici, wani na tari a bayanka, kai kana neman gane ko matar ta ce za ta je ko ta fasa. Me za ka haddace a nan? Ni da goyo na yi shirina, in na kwantar da yarinya in sa abin kunne ina wanke-wanke ina jin labaran tashar Japan ta NHK, ranar jarrabawa hannuna har rawa yake. Kar a raina mana wahala don Allah.

Ɗan Maraɗi: Anti ki yi haƙuri amma akwai hadda a ciki. 'Yan Chaina da ke ajinmu suna kallon kanji su gane ma'ana ko ba su iya furta shi ba, su cinye sashen karatu, mu kuwa daga sifili muka fara.

Maman Hanifa: To wannan gado ne ai, ba hadda ba. Kuma ko ɗan Chaina ne sai ya kawo 19 cikin 60 a sauraro, in bai kai ba ya faɗi ko da jimillarsa ta haura 90 ɗin da ake nema a N2. Kowane sashe da nasa shingen.

Ɗan Maraɗi: 19 cikin 60 har wani abu ne? Ko da canki-canka ka samu.

Injiniya Osaka: Ba haka lissafin yake ba, makin ba ƙirga amsoshin da ka ci ake yi kai tsaye ba, ana auna shi ne da yanayin amsoshinka gaba ɗaya. Amma jama'a mun bar maganar, yaron nan aiki ya rasa. Gaskiyarsa ɗaya ce, tun 1984 da aka fara jarrabawar har gyaran 2010 da ya mai da ita mataki biyar ba a gwada magana. Sai dai kamfani ba shi da wani ma'auni mai sauƙi, kuma ita ma hukumar shige da fice tana ba mai N1 maki 15, mai N2 maki 10 a bizar ƙwararru. Ko bizar tokutei ginou ta ma'aikata masu sana'a da aka fara a 2019 sai da N4 ko wata jarrabawar Japanancin da ake kira JFT-Basic.

Ɗan Maraɗi: Injiniya ku ai da Turanci kuka yi digirinku a nan, ba ku san zafin abin ba. Mu da muka zo da Faransanci sai mun bi ta yare biyu kafin mu gane bayanin nahawu ɗaya, yawancin littattafan da Turanci aka yi musu sharhi.

Injiniya Osaka: Me ya kawo Najeriya da Nijar cikin wannan magana kuma?

Ɗan Maraɗi: Ni ban ambaci ƙasa ba, kai ka ambata.

Baba na Nagoya: Ku yara kuna ban tausayi. Lokacin da na zo ƙasar nan babu wani N, mataki huɗu ne ana ce musu kyu, ban zauna ko ɗaya ba. Ga shi ina shiga gwanjon motoci ina ciniki da su, ina loda kwantena zuwa Kwatano, ba wanda ya taɓa cewa in nuna takarda. Yare a bakin mutane yake. Ɗan Saitama ɗana ka zo in koya maka sana'a ka huta da intabiyu.

Malam na Tsukuba: Baba da girmanka, amma ranar da wasiƙar haraji ta zo daga ofishin gunduma wa ka turo wa hotonta ya karanta maka?

Baba na Nagoya: Au, abin gori ne yanzu? Na gode Malam. Ba zan ƙara turowa ba.

Malam na Tsukuba: Subhanallah, ba gori ba ne Baba, misali na kawo a kan amfanin hadda. Allah ya huci zuciyarka.

Maman Hanifa: Gaskiya Malam wannan bai dace a faɗa a zaure ba, Baba ne ya tarbi rabinmu a ƙasar nan.

Auta Fukuoka: Tunda ana maganar N2, wanda ya ari littattafaina guda uku tun kafin jarrabawar Yuli don Allah ya dawo min da su, Disamba zan zauna, kuma har da rubutuna na fensir a gefen shafi. Ya san kansa.

Ɗan Maraɗi: Ki kira suna mana tunda kin kawo shi nan. Na ce miki suna wurin wani, zan karɓo.

Auta Fukuoka: Yaya ni ban ce kai ba ne, amma littafin aro ake ba wani aro?

Ɗan Saitama: Ikon Allah. Ni na zo da kukan aiki, har yanzu ba wanda ya ce min ko daidai ne a ɗauki wanda ba ya iya amsa wa kwastoma a bar ni.

Malam na Tsukuba: Ka janye kalmar tukuna sai a yi wannan.

Ɗan Saitama: Ban zagi kowa ba, ba abin da zan janye.

Admin: To jama'a ya isa haka, zan rufe zaure zuwa safe. Ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda kalmar 'yan hadda kuskure ce kuma ta taɓa mutanen da suka sha wahala, Malam da Maman Hanifa sun kawo hujjoji da lambobi, ɗaya ɓangaren kuwa labarin mutum ɗaya ne a konbini. Ni da na zauna N1 na san minti 110 ɗin farko ba wasa ba ne, kuma maki 100 cikin 180 ba a tsintarsa a hanya, duk wanda ya riƙe takardar nan ya cancanci a girmama shi. Maganar Baba ta zamaninsu ce, Allah ya ƙara masa lafiya, amma kar yaro ya ji ta ya ajiye littafi. Ɗan Saitama shawarata ka daina jayayya da ma'aunin da ba kai ka kafa ba, ka shiga shafin MyJLPT ka yi rajistar N2 kafin a rufe, jarrabawar Lahadin farko ce ta Disamba. Ajinmu na Zoom na nan daren Asabar bayan isha'i, kanji da karatu za mu fi ba ƙarfi, mai so ya yi min magana ta gefe. Ɗan Maraɗi a mayar wa Auta littattafanta cikin satin nan.