Caravan ta 'yan Ostireliya ba ayari ba ce, me za mu kira ta?

Jama'a, ina neman ra'ayinku kan wata kalma. Duk wanda ya buɗe ƙamus ya nemi caravan, ayari zai gani. To amma idan ɗan Ostireliya ya ce zai shiga dokar daji da caravan, ba raƙuma yake nufi ba. Ɗaki ne a kan tayoyi, ba shi da inji, mota ce ke jan sa. A ciki akwai gado, murhun gas da firji, tankin ruwa a ƙarƙashi, faifan sola a kan rufi, wasu har da banɗaki. Da yawa daga masu wannan tafiya 'yan fansho ne, miji da mata, su yi wata da watanni a hanya.

Abin da ya sa na dage kada a ce ayari shi ne, ƙasar ta taɓa yin ayari na gaskiya. Tun shekarun 1860 aka riƙa kawo raƙuma da masu jan su daga Afganistan da yankin da ya zama Pakistan a yau, su ne suka yi ta kai kaya cikin ƙasa kafin layin dogo ya isa garin Alice Springs da ke tsakiyar ƙasar a 1929. Jirgin da ke bin wannan hanya ma sunansu ya ci, Ghan, wato gajeren Afghan. Yawancinsu Musulmi ne, masallacin da suka gina a Adelaide yana nan har gobe. Da motoci suka ƙwace musu sana'a sai aka saki raƙuman, jikokinsu na nan suna yawo a daji. Wannan shi ne ayari, irin wanda ke tashi daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri. Idan muka ba ɗakin fansho wannan suna, da me za mu kira nasu?

Wani ya ce tirela. A wurinmu tirela babbar motar siminti ce, mai karatu zai ɓata. Amalanke kuwa ba a kwana a ciki.

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa mu ce motar tafi-da-gidanka kawai, tunda kalmar ta riga ta zauna a baki, ga waya ga kotu. Hajiya, shawararki ta fi duk sauran, kuma ina ganin mu riƙe ta, amma ga wadda take da injinta da sitiyarinta, direba na gaba gado na baya. Wadda muke magana a kai ana iya kwance ta a ajiye, a tafi da motar ita kaɗai.

Don haka nake ba da shawarar ja-gidanka. Ƙirar a-kori-kura da a-daidaita-sahu ce, kunne ba zai ƙi ta ba. Kuma gida ɗin nan da ke ciki yana da muhimmanci. Babbar hanyar Stuart, daga Port Augusta zuwa Darwin, ta haura kilomita 2,700. A kan wannan hanya, tsakanin garuruwan Glendambo da Coober Pedy kaɗai za ka yi kusan kilomita 250 ba gidan mai. Coober Pedy ɗin ma zafi ya sa mutane da yawa sun haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa. Idan rana ta faɗi masu hankali kan tsaya, saboda kangaru na faɗowa kan titi. In mota ta lalace, abin da ake faɗa wa kowa shi ne kada ya bar ta ya shiga daji da ƙafa, domin inuwarsa da ruwansa suna nan, kuma masu ceto sun fi saurin hango ta daga sama. Abin da kake ja shi ne gidanka.

Sauran kalmomin muna da su tuni. Filin da suke biya su kwana, su ɗibi ruwa su jona wuta, zango ne. Idan suka jeru uku ko huɗu suna tafiya tare, a nan ne ayari zai shigo: ayarin ja-gidanka, na gaba shi ne madugu.

Malam, kai da ka tambaya ko kalmar ja-gidanka namiji ce ko mace, ni mace na ɗauke ta kamar mota. Ja-gidanka ta yi faci, an kwance ta a zango. Mace ma idan tana ja, ja-gidanka za a ce, kamar yadda ba a cewa wayar tafi-da-gidanki.