Ma'aunin kasuwar hannun jari ya haye maki 100,000: ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai shiga?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan an wuni lafiya. Shawara na zo nema. Ƙarshen watan nan ni ce da ɗaukar adashe, naira 400,000, kuma ba na son in bar su a asusu tsadar kaya ta cinye su ina kallo. Na ji a rediyo an ce ma'aunin kasuwar hannun jari ya rufe shekarar 2024 a kan maki dubu ɗari da biyu da ɗoriya, wai ya ƙaru da kashi 37 cikin ɗari. Don Allah mene ne wannan makin? Kuma in na sayi hannun jari, haka nawa kuɗin za su ƙaru?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi kyan kai da kika tambaya kafin ki saka kuɗinki. Sunan ma'aunin All-Share Index, 'yan kasuwar suna taƙaita shi da ASI. An fara lissafa shi ranar 3 ga Janairu, 1984, aka ba shi maki 100 a matsayin mafari. Ita kasuwar ta girme shi, tun 1960 aka kafa ta a Legas, ta fara ciniki a 1961 da takardu 19 kacal, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuma a 1989. Yanzu NGX ake kiranta.

Yadda ake lissafin, ki ɗauka kin shiga Dawanau kina son sanin ko hatsi ya tashi yau. Ba za ki haɗa farashin masara da na ridi ki raba biyu ba, domin buhunan masarar da ke rumbuna sun ninka na ridi. Sai ki ƙirga buhunan kowane iri, ki ninka da farashinsa, ki tara gaba ɗaya, sannan ki gwada da jimillar jiya. To haka ake yi a nan. Kowane kamfani ana ninka yawan hannun jarinsa da farashin ɗaya, a samu darajarsa, a tara na duk kamfanonin, a gwada da jimillar ranar farko. In sabon kamfani ya shigo ana gyara lissafin don kada shigarsa kaɗai ta ɗaga makin. Shekarar 2024 ta rufe a kan 102,926.

Maman Ilham: Na gane misalin sosai Malam, Allah ya ƙara basira. Ke nan babban kamfani ya fi ƙarami tasiri?

Baban Sadiq: Nesa ba kusa ba, kuma nan ne amsar tambayarki ta biyu take. Dangote Cement kaɗai yana da hannun jari kusan biliyan 17, ya shiga kasuwar a Oktoban 2010. MTN Nigeria ya shiga a Mayun 2019 a kan naira 90, Airtel Africa ya biyo a Yuli, BUA Cement a farkon 2020, BUA Foods a farkon 2022. Waɗannan 'yan tsirarun su ne masarar Dawanau. In biyu daga cikinsu suka tashi, ma'aunin zai yi sama ko da ƙananan kamfanoni hamsin sun faɗi a ranar. A 2024 ɗin da kika ji, ɓangaren man fetur ya ninka fiye da sau biyu, amma hannun jarin MTN da na Nestle sauka suka yi, saboda faɗuwar naira ta jawo musu asara. Wanda ya riƙe waɗannan biyun kawai bai ga kashi 37 ɗin nan ba.

Alhaji Babba na Kwari: Assalamu alaikum. Ni ba mai yawan rubutu ba ne a zauren nan, amma wannan magana ta taɓa ni, dole in ce wani abu. 'Yata Maman Ilham, ki saurare ni.

A 2007 babu zancen da ake yi a layinmu sai na hannun jari. Bankuna sun gama haɗewa a zamanin gwamnan Babban Banki Soludo, daga 89 sun koma 25, kowanne na neman ƙarin jari, ma'aikatansu har shago suke biyo mu da fom. A shekarar ma'aunin ya hau da kashi 74. Na sayar da filina na saya, wannan da sauƙi. Kuskuren da har yau nake tunawa shi ne bashin da na karɓa daga wani banki don in ƙara sayen hannun jari, su kuma suka riƙe hannun jarin a matsayin jingina. Ranar 5 ga Maris, 2008 ma'aunin ya kai 66,371. Ban san ƙololuwar ke nan ba, babu wanda ya sani. Kafin ƙarshen Maris na 2009 ya dawo ƙasa da 20,000. Kashi 70 sun tafi cikin shekara guda. Za ka ba dillali umarnin sayarwa a yi kwanaki babu mai saye. Jinginar ta zube, bashin yana nan yana girma, sai da na fitar da dilolin atamfa daga sito na karyar da su kafin na rabu da shi. A Agustan 2009 Sanusi Lamido, wanda ya gaji Soludo, ya cire shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, daga baya wasu bankunan ma aka shafe sunansu.

Takardun suna nan cikin wata jakar fata a ƙasan akwatina, masu kore da masu ruwan ƙasa, wasu har sun fara cin kansu ta wajen ninki. Ban hana ki shiga ba. Amma kada ki ci bashi, kuma kada ki saka kuɗin makarantar yara.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri Baba. Na gode da ka buɗe mana wannan, na san ba abu ne mai sauƙin faɗa ba.

Abba Ƙarami: Allah ya ƙara girma Baba. Amma ai kasuwar ta farfaɗo ko? Tunda yanzu an wuce dubu ɗari, wanda ya yi haƙuri ya ci riba.

Baban Sadiq: Abba, duba tsawon haƙurin tukuna. Makin da Alhaji ya ambata na Maris 2008 ba a sake taka shi ba sai ƙarshen Agustan 2023. Shekara goma sha biyar da 'yan watanni ke nan. A tsakani an yi ta hawa da gangara: 2013 ta ba da kashi 47, sai shekaru uku a jere ana faɗuwa daga 2014 zuwa 2016, lokacin da farashin ɗanyen mai ya karye. 2017 ta hau da kashi 42, 2018 da 2019 suka kwashe shi gaba ɗaya, aka rufe 2019 a kan 26,842. Sai ga 2020, shekarar korona, ta hau da kashi 50, saboda ribar takardun bashin gwamnati ta yi ƙasa ƙwarai, masu manyan kuɗi suka juyo kasuwar hannun jari. 2023 ta ba da kusan kashi 46, a Janairun 2024 aka haye dubu ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane ba sa sa darajar naira cikin lissafi. A farkon 2008 dala tana wajen naira 118, a ƙarshen 2024 ta haura 1,500. Ka raba makin kowane lokaci da farashin dalarsa, za ka ga na ƙarshen 2024 bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na wancan ba. Ko a 2024 ɗin, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba, ka ga kashi 37 ɗin da ƙyar ya tsere mata. Sai dai a yi wa kasuwar adalci, ma'aunin farashi kaɗai yake aunawa, ba ya ƙirga rabon ribar da kamfanoni ke biya duk shekara. Wanda ya riƙe kamfani mai biyan riba yana karɓa yana sake saye, lissafinsa ya fi abin da makin ke nunawa kyau.

Hajiya Umma: Ni kam shawarata mai sauƙi ce ƙanwata. Na fara ne a Disambar 2021 lokacin da MTN suka sayar wa jama'a a kan naira 169, mafi ƙaranci guda 20, ta waya na saya ina zaune a ɗaki. Tun daga nan duk wata nake ware wani abu kaɗan in saya, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Kada ki zuba dubu ɗari huɗun nan rana ɗaya, ki raba su kashi huɗu ko biyar cikin watanni. Kafin komai ki shiga shafin SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari, ki tabbatar dillalin da za ki bi yana da rajista. Shi zai buɗe miki asusun CSCS, a ba ki lambarki, a nan ake ajiye hannun jarinki da sunanki. Ki cike fom ɗin biyan riba ta banki tun farko, kuma ki tabbatar sunanki ya zo iri ɗaya da na BVN, jerin sunayen ma kada ya saɓa. Ana cire harajin kashi 10 daga ribar kafin ta shigo, kada ki gani ki ɗauka an cuce ki.

Malam na Tudun Wada: Allah ya saka wa kowa da alheri. Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma na san Maman Ilham za ta so ji. ASI ya ƙunshi kowa da kowa, har da bankunan ruwa da kamfanonin giya da na inshora. Shi ya sa a 2012 aka fito da wani ma'auni daban, Lotus Islamic Index, wanda ake tace kamfanoni kafin su shiga. Ana fitar da masu harkar giya, taba, caca da ruwa, sannan a duba yawan bashin ruwan da ke kan kamfanin. Ana sake bitar jerin sau biyu a shekara, don haka wanda ya shiga bana zai iya fita baɗi, sai a riƙa dubawa. Bankin Jaiz ma yana kasuwar tun 2017. Batun zakka kuma, ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin niyyarki, domin hukuncin wanda ya saya don juyawa ya bambanta da na wanda ya ajiye don ribar shekara.

Maman Ilham: Wallahi Malam kamar ka shiga zuciyata. To amma ni da ban iya karanta rahoton kamfani ba, yaya zan zaɓa a cikinsu?

Baban Sadiq: Ba lallai ki zaɓa ba. Akwai asusun da ake kira ETF, wanda yake sayen duk kamfanonin da ke cikin wani ma'auni, ke kuma ki sayi ɗan yanki a ciki kamar yadda ake sayen hannun jari. Lotus Halal Equity ETF yana bin ma'aunin da Malam ya faɗa, Vetiva Griffin 30 kuma yana bin NGX 30, wato manyan kamfanoni talatin, amma shi akwai bankunan ruwa a ciki. Dukansu tun 2014 suke. Aibinsu ɗaya da na gani, cinikinsu ba shi da yawa, wata rana za ki so sayarwa ki jira mai saye, ko farashin ya ɗan kauce wa ainihin darajar abin da ke ciki. In ni ne, zan sa rabi a nan a hankali kamar yadda Hajiya Umma ta ce, sauran in jira Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa ruwa, in an buɗe. Na farko an yi shi a 2017, na naira biliyan 100, aka yi hanyoyi da kuɗin, kuma ana biyan haya duk wata shida.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku daga nan. Mu a Nijar ba mu da kasuwa tamu ta kanmu, ƙasashe takwas ne muka haɗu a kasuwar BRVM da ke Abijan, tun 1998 take aiki. Ma'auninta na gaba ɗaya BRVM Composite, lissafinsa iri ɗaya da wanda Baban Sadiq ya bayyana, kuma can ma Sonatel na Senegal da 'yan manya kaɗan ne ke jan ragama. Bankin BOA Niger na ciki. Bambancin da nake gani shi ne sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, don haka matsalar faɗuwar kuɗi ba ta cin ribarmu kamar ku. Wanda ke harka tsakanin Maraɗi da Kano ya san abin da nake nufi.

Abba Ƙarami: Yaya Baban Sadiq, ni abin da ke ba ni tsoro yanzu, bankuna sun sake fitowa neman jari tun 2024 da Babban Banki ya ce masu lasisin ƙasa da ƙasa su kai naira biliyan 500 kafin ƙarshen Maris 2026. Ba irin abin da Baba ya ba da labari ba ne?

Baban Sadiq: Akwai kama, kuma tsoronka a kan hanya yake. An tsaurara ƙa'idar ba da bashin sayen hannun jari bayan abin da ya faru, wannan ya rage haɗari ɗaya. Amma ranar da ka ga mai shayi da direba da kowa suna gaya maka sunan kamfanin da za ka saya, ka rage gudu. Haka kuma duk manhajar da ta yi maka alkawarin riba tsayayya duk wata da sunan hannun jari, ka tuna damfarar MMM a 2016. A kasuwar gaske farashin kamfani ba ya wuce hawa ko saukar kashi 10 a rana, kuma ba wanda ke lamunce maka riba.

Hajiya Umma: Baba Alhaji, ranka ya daɗe, game da jakar nan taka. Kada ka ɗauka duk takardun sun mutu. Waɗanda kamfanoninsu ke raye, wataƙila akwai ribar shekaru da ta taru ba a karɓa ba, wasu ma an yi musu ƙarin hannun jari kyauta. A shafin SEC akwai wurin da ake saka suna a ga ribar da ba a karɓa ba da rajistaran da ke riƙe da ita, wato kamfanin da ke ajiye sunayen masu hannun jari. Ka sa yaro ya gwada da kowane salon rubutun sunanka, tunda a lokacin wasu fom ɗin ma'aikatan banki ne suka cike.

Alhaji Babba na Kwari: Allah ya yi miki albarka 'yata. Shekara goma sha shida ban buɗe jakar ba. Abba, in ka taso daga makaranta ranar Asabar ka biyo ta shago da kwamfutarka bayan la'asar, zan zo da ita mu duba ɗaya bayan ɗaya.

Abba Ƙarami: In sha Allahu Baba, zan zo.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Gobe zan fara da duba rajistar dillalan. Hajiya Umma, zan kira ki da dare ki nuna min yadda kika cike fom ɗin CSCS ɗin, don sunana na BVN da na katin ɗan ƙasa akwai harafi ɗaya da ya bambanta.