Kun taɓa kai tsohon agogo sabis? Ku ba ni labarin yadda ta kaya

Magaji321

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina so in ji daga bakin waɗanda abin ya taɓa faruwa da su, ba wai an ce ba. Mahaifina Allah ya jiƙansa ya bar min Omega Speedmaster, tun ina yaro nake ganinsa a hannunsa. Da aka buɗe murfin baya an ga lambar samfurin 145.012-67 a ciki, injin kuma mai lamba 321 ne, irin wanda suka daina sakawa a 1968 suka koma 861. Matsalar yanzu in na wana shi da safe kafin dare ya tsaya, madannin sama mai tayar da dogon hannun sakan shi ma sai an danna da ƙarfi. Na kai wa wani mai gyara yace zai masa sabis gaba ɗaya, ya canza fuska da hannaye da baƙin zoben gefe tunda ya dushe, sannan ya goge jikin ya dawo kamar sabo. Wlh da yace kamar sabo sai naji gabana ya faɗi, nace ya ba ni kayana zan yi tunani. Akwai wani ƙarzo a gefen hagu da na san ranar da Baba ya yi shi. To waɗanda suka taɓa kai irin wannan agogo gyara, ya kuka ƙare?

Mai5513

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa Allah ne ya taimake ka da ka karɓo shi, ni ban samu wannan sa'ar ba. Nawa Rolex Submariner ne 5513 na ƙarshen shekarun 1960, fuskar baƙa marar ƙyalli, rubutun zurfin ruwa kuma mita ce a gaba kafin ƙafa, waɗanda suka san harkar sun san ba kowane 5513 ne haka ba. Ɗigon nan masu haskawa a duhu duk sun rine sun koma kalar tsohuwar takarda, hannayen ma kala ɗaya da su, abin gwanin sha'awa. Shekara uku ina tari kafin na mallake shi. Da na kai sabis ban ce komai ba sbd ban san ana cewa ba, ni a tunanina sabis shi ne a wanke inji a sa mai shikenan. Bayan sati shida na je karɓa aka miƙo min agogo yana ta walƙiya, fuska sabuwa ɗigonta fari fat, hannaye sababbi, ƙafafun nan huɗu masu riƙe sarƙa injin gogewa ya cinye su sun sirance, siririn layin nan mai kaifi da ke bin gefensu ya ɓace gaba ɗaya. Na tambayi tsofaffin kayan aka ce ai ba a ajiyewa. A wurin na zauna na kasa magana.

Abin da ban sani ba a lokacin, gogewa ba wanki ba ce, ƙarfen ake kankarewa, duk abin da ya fita kuma ya fita kenan. Kuma gsky shi mai gyaran ba da mugunta ya yi ba, a ganinsa alheri ya min, shi ya sa ma na rasa wa zan kama. Har yau ina saka shi, lokaci daidai yake bayarwa, amma da na kai wa wani da ya san kan agogo kallo ɗaya ya masa yace fuskar sabis ce ko. Daraja ta faɗi sosai, amma ni ba kuɗin ne ke damuna ba, fuskar nan nake tunawa.

Abu_Tasneem

Ni dai tunda na ji irin wannan labarin, takarda nake rubutawa mu biyu mu sa hannu: ba gogewa, ba canza fuska, ba canza hannaye, duk abin da aka cire ko sukuru ne a dawo min da shi a leda. Kuma hoto nake ɗauka ta kowane gefe kafin in miƙa. Sau biyu na yi haka ban samu matsala ba.

MaiGyaranAgogo

Bari in yi magana ta ɓangarenmu tunda aikina kenan shekara da shekaru. Malam Magaji tsayawar da yake yi kafin dare alama ce man ciki ya bushe ko babban sifirin ya gaji, lafiyayyen 321 ya kamata ya kai wajen awa 40 in an wana shi sau ɗaya. Wannan aikin inji ne zalla, babu ruwansa da fuska ko zobe. A kwance shi ɗaya bayan ɗaya a wanke, a sa mai, a canza sifirin da robobin hana ruwa shiga, a ɗora shi a na'urar auna bugu. Injin yana buga 18,000 a awa, kuma in juyawar balans, wato ɗan wilin da ke kai-komo a cikin inji, ta haura digiri 250 yana kwance to tsohon inji ya yi ƙoƙari, in ta gaza 200 da sauran aiki. Ka ce a nuna maka wannan lambar kafin da bayan gyara.

Amma kar a ɗauka duk mai cewa a canza hannaye mugu ne. Na taɓa karɓar wani agogo da fentin hasken hannayensa ya tsattsage, mai shi ya rantse kar in taɓa, na bar shi, wata huɗu ya dawo ɓurɓushin ya zube ya bi ta ramin tsakiya ya shiga inji sai da na sake kwancewa. Tun daga nan nake gaya wa mutum akwai hanya ta tsakiya, ana iya shafa wani siririn manne ta bayan hannun ya riƙe tsohon fentin ba tare da an canza kamanninsa ba. Aiki ne mai cin lokaci shi ya sa da yawa ba sa son yi. Gilashin naka kuma ba gilashi ba ne na gaske, roba ce mai ƙarfi, ƙarzonta da hannu ake goge shi ya fita, in ka duba tsakiyarsa da kyau in na asali ne za ka ga ɗan mitsitsin tambarin Omega. Madannan ne kawai wani lokacin dole a canza in tsatsa ta ci su, nan ma a ba ka tsofaffin. Sannan kayan 321 ba ko'ina ake samu ba, kar ka ba wanda bai taɓa kwance shi ba ya koya a kan naka.

Hajiyar_Polerouter

Ni nawa labarin daban ne, a wajen sabis ɗin ne asiri ya tonu. Na sayi Universal Genève Polerouter a hannun wani ta intanet, ina son agogon tun da na ji Gérald Genta ne ya zana shi a 1954 yana saurayi, shi ne kuma daga baya ya zana agogunan Royal Oak da Nautilus. A hoto tsaf, a hannu ma tsaf. Da na kai a sa masa mai sai mai gyaran ya kira ni yace Hajiya zo ki duba da kanki, ya ba ni gilashin nan na ƙara girma, sai ga haruffan fuskar masu kauri sun ɗan yi ɓaro-ɓaro, layukan minti ba su hau daidai kan alamomin awa ba, ashe sake fentin fuskar aka yi. Ya haska mata fitila ya kashe wuta, ɗigon suka ci gaba da haske kore shar na tsawon lokaci, yace fentin shekara sittin ba ya haka. Na yi baƙin ciki ba kaɗan ba wlh. Daga baya ne na ga labarin Speedmaster na 1957 da aka yi gwanjonsa a Janeba a 2021 sama da faran miliyan 3 na Siwizalan, a 2023 kamfanin Omega da kansa ya fito yace haɗe-haɗen kayan agogo daban-daban ne. Shi ya sa ƙanina naka da ka san hannun da ya fito, ka san ba wanda ya taɓa masa komai, wannan wani abu ne da mu masu saye ba mu da shi. Kar ka bari a raba shi da kayansa.

Carrera_2447

Ni kuma zan ɗan saɓa. Tsoron sabis ɗin shi ma yana kashe agogo kuma ni shaida ne. Heuer Carrera gare ni mai injin Valjoux 72, sbd jin labarai irin na Yaya mai 5513 na ƙi kai shi ko'ina shekara tara ina sakawa kullum. Wata rana ruwan sama ya ɗan taɓa ni, da na isa gida na ga hazo a cikin gilashi nace zai bushe da kansa, ya bushe ɗin kuwa amma bayan wata biyu wajen wana shi ya fara kakarewa, da aka buɗe robar ta narke ta zama kamar kwalta, tsatsa ta kama sandar da ake wana shi da ita da maƙwabtanta, ga tabo biyu a gefen fuska da ba za su taɓa fita ba. Fuskar da nake ta karewa ni na ɓata ta da kaina. Sai da muka yi wata bakwai muna neman kayan. Don haka ka kai shi, ka zaɓi wanda za ka kai wa ne kawai, kuma ko bayan an canza roba kar ka yarda ka shiga ruwa da shi, in ka ga hazo a ranar za ka nemi mai gyara.

Ummu_Fahad

Wani abu da ba a taɓo ba. Agogon kakana na shekarun 1950 ne, na kai shi sai mai gyaran ya ɗauko na'urar Geiger mai gano tururin nukiliya ta fara ƙara, yace radiyam ne a fuskar, wani sinadari mai fitar da wannan tururi. Har farkon shekarun 1960 da shi ake fentin haske kafin a koma wani sinadarin mai suna tiritiyam. Wai ya daina haske ba yana nufin ya mutu ba, fentin ne ya ƙone, shi radiyam sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Ya gargaɗe ni kar in kuskura in buɗe a gida sbd ƙurar, kar kuma in ajiye kusa da yara. Naka in akwai harafin T a gefen rubutun SWISS MADE a ƙasan fuska to tiritiyam ne, shi wajen shekara 12 rabinsa ke tafiya, dan haka in ba ya haske yanzu daidai ne, kar wani ya ce maka lalacewa ya yi.

Dattijo96

Yaro Allah ya jiƙan mahaifinka. Ina da Patek Philippe 96 na zinare, ɗan ƙarami ne bai wuce milimita 31 ba, tun 1932 suka fara yin irinsa. Wanda ya riƙe shi kafin ni mai son ƙyalli ne, duk sabis sai an goge, zinare kuma ba shi da tauri. Hatimin nan na kan mace da Siwizalan take bugawa a da a jikin zinare mai karat 18 sai da gilashi ake ganin inuwarsa yanzu, alhali na ga wani irinsa da ba a taɓa gogewa ba hatiminsa raɗau. Na rubuta wa kamfanin suka aiko min takardar rumbunsu mai shekarar ƙira da ranar da aka fara sayar da shi, lambar inji da ta jiki duk sun dace, wannan ya kwantar min da hankali, amma zinaren da ya bi tsumma ba takardar da za ta dawo da shi. Rolex Daytona ɗin ɗan fim Paul Newman da aka sayar a 2017 kusan dala miliyan 17.8 ai da alamun sakawarsa aka sayar, da rubutun da matarsa ta sa aka zana masa a baya. Wannan ƙarzon da ka ce ka san ranarsa, ka bar shi inda yake.

Magaji321

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba na ji kuma zan bar shi. Na duba yanzu akwai T ɗin a gefe biyu, tambarin tsakiyar gilashi ma yana nan, kuma wani ya ce in duba lamba 90 a zoben, ɗigon a samanta yake ba a gefe ba, ashe na asali ne shi ma, wanda ake cewa a cire a yar. Na samu wani mai gyara daban da ya nuna min hotunan 321 guda uku da ya taɓa yi, na rubuta takarda irin ta Abu Tasneem ya karanta ya sa hannu ba musu, yace wata biyu. Saura abu ɗaya, sarƙar ƙarfen an rubuta 1039 a jikinta, ta saki sosai har tana lilo, ita ma a gyara ko in cire in ajiye?

MaiGyaranAgogo

Cire ta ka ajiye tare da ƙananan bakunanta guda biyu, kar su ɓata sbd samunsu wuya. Ka sa masa maɗaurin fata mai faɗin milimita 20 kafin ka samu wanda ya iya ɗaure irin wannan sarƙar, ba kowa ba ne. In ta tsinke a hannunka agogon ne zai sha ƙasa.