Ciwon gwiwa, ƙwauri da dunduniya: abin da masu gudu suka yi ittifaƙi a kai

Da aka zauna ana musayar ra'ayi kan raunukan gudu, kusan kowa bakinsa ɗaya: yawanci gaggawa ce ke jawo su. Mutum ya ƙara nisa ko sauri farat ɗaya, jiki bai saba ba. Shawarar ita ce kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako.

Ciwon da ke kewaye ƙoƙon gwiwa ya fi tashi wajen saukowa daga bene ko bayan dogon zama. A rage gudu, a dage da atisayen ƙarfafa cinya da ƙugu.

An fi daɗewa a kan ƙwauri, kuma ni ma nan ne damuwata. Idan zogin ya bazu a gefen ƙashin ta ciki, hutu da ƙanƙara naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20 sukan taimaka. Amma idan wuri guda ne da za ka iya dafa shi da ɗan yatsa, yana ciwo ko da tafiya kawai kake yi, ƙila ƙashin ne ya fara tsagewa. Wannan sai likita, kada a shanye shi da maganin kashe zafi a ci gaba da gudu.

Mai ciwon dunduniya ya san takun farko da asuba, kamar ya taka ƙusa. A riƙa miƙar da sha-raɓa, a murza tafin ƙafa a kan kwalbar ruwan da ya daskare. Yakan ɗauki watanni kafin ya lafa.

Takalmi kuwa, a sauya shi bayan kilomita 500 zuwa 800.