"Da tsohuwar zuma ake magani": ƙusa ake nufi ko tsohon maƙeri?

Baban Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Kawuna ne ya kai tsohuwar akori-kurarsa, Peugeot 404, wajen masu gyaran bodi a Panteka, tsatsa ta cinye ƙasan bayanta. Yaron shagon ya ce walda zai yi, Kawu ya ce sam, a yanko fallen ƙarfe a ɗora a buga ribit, wato ƙusar da ake haɗa falle da falle da ita. Da gardama ta yi zafi sai Kawu ya ce "da tsohuwar zuma ake magani", ya kaɗa riga ya tafi. Ribit ɗin ce zumar, ko yana nufin a kira masa maigidan yaron?

Ɗan Kurmi: Maigidan yake nufi mana. Ba ka kai motar da ta girme ka wa yaro.

Injiniya Kakuri: Wa alaikumus salam. Kawu yana da hujja. Fallen bodi siriri ne, in aka sa masa wutar kabayit ya ji zafi sai ya lanƙwashe, ka ga gefe ya yi tudu da kwari, a zo a lafta fila, wato kwaɓin da ake cike ramin bodi da shi kafin fenti, a rufe. Ribit ba ruwanta da zafi. Amma in tsufa ake magana, 404 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 walda ce ta riƙe jikinta, ɗigo-ɗigo. Tsohuwar Land Rover ce mai jikin alminiyam da layin ribit. To a wannan motar waldar ce tsohuwar zuma.

Maman Ilham: Zuma tsufa ke ƙara mata kyau, ƙarfe kuwa tsufa cinye shi yake. Ban ga inda karin ya shiga ba.

Hajiyar Gwammaja: Ni kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Tana da wata ƙwaryar dama fura da ta zo da ita gidan aure. Ta tsage, 'ya'yanta suka sayo mata kwanon samira, ta ce a ajiye. Sai da gyartai ya zo wucewa ta sa aka kira shi zaure. Ina tsugune ina kallo, ya ɗauki basilla yana huda gefe da gefe, ba ya matsawa kusa da bakin tsagar, ya ce in ka huda dab da baki sai ta ƙara tsagewa. Ya bi da zare ya ɗinke tsaf. Ranar ta dama fura a ciki ta miƙa wa kishiyarta, wadda ta yi ta cewa a yar da ita. Ƙwaryar nan har kakata ta rasu ana dama fura da ita, kuma faɗan gadonta ya fi na akuyoyin zafi tsakanin innata da gwaggo.

Injiniya Kakuri: Hajiya, dokar gyartan nan ita ce tamu. Hujin ribit ba a yin sa dab da bakin falle, yagewa yake.

Ɗan Kurmi: Ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. Akwai wanda da akori-kura yake yawon kamfe a unguwarmu, yau gilashin motarsa ma baƙi ne.

Abu Hanifa: Kuma titin da ya yi mana fila ce zalla, damina ɗaya ta tona.

Maman Ilham: Hajiya, wa ya ci ƙwaryar a ƙarshe?

Hajiyar Gwammaja: Gwaggo. Innata ba ta gaishe ta ba har sallar layya.

Malam na Zariya: Mu dawo kan magana. Ni a wajen malamai na fi jin karin, in ana batun tsohon aboki ko uwargida. Ban taɓa ji an yi wa ƙarfe ba.

Injiniya Kakuri: Baban Sadiq, ko me kuka zaɓa, a yanke tsatsar har a kai ga farin ƙarfe, a shafa jan fenti tsakanin fallayen kafin a haɗa, don ruwa a nan yake kwana. Kuma kada a sa ribit ta alminiyam a jikin ƙarfe, wajen zai ci.

Abu Hanifa: Wai har yanzu ana samun fitilar bayan 404 a Ƙofar Ruwa? Tawa ta hagu ta fashe.